Kutsen da ke shigowa ta iska: yadda za ka toshe kafar Wi-Fi a wayarka da kwamfutarka

Shawarar da aka saba bai wa mutane a kan tsaron waya ba ta wuce uku ba: kada ka latsa adireshin da ba ka san wanda ya turo maka shi ba, kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka ta banki, kada ka hau Wi-Fi na kyauta da ba ka san mai shi ba. Dukkansu gaskiya ne, ni ma kullum ina nanata su. Sai dai akwai wani irin kutse da ko ka kiyaye ukun nan ba su hana shi ba. Wayarka tana aljihu a kulle, ba ka taɓa ta ba, ba ka hau Wi-Fi ɗin kowa ba. Abu biyu kawai mai kutsen yake bukata: Wi-Fi ɗin wayar ya zamana a kunne, shi kuma ya zamana yana kusa da kai, ko a benci ɗaya a tasha, ko a cikin motar da aka ajiye a ƙofar ofishinku.

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta kulle mutane a gidajensu, wani mai bincike a sashen Project Zero na kamfanin Google, mai suna Ian Beer, ya shafe wata shida shi kaɗai yana bin diddigin kuskure guda ɗaya a cikin iPhone. Kuskuren yana cikin ɓangaren da Apple ke kira AWDL, wato hanyar da AirDrop ke bi wajen tura hoto daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba. Da ya kammala, sai ya ɗauki wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, da na'urorin Wi-Fi irin waɗanda kowa ke iya saye, ya nuna yana shiga wata iPhone da ke wani ɗaki daban yana kwaso hoto daga cikinta, fuskar wayar ba ta nuna alamar komai ba. Ya kuma nuna yana sa wayoyi da dama su mutu su sake kunnuwa a lokaci guda. Apple ta riga ta toshe kafar kafin ya bayyana binciken a watan Disamba na shekarar, kuma ya ce bai ga shaidar an yi amfani da ita a kan jama'a ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar jarin: mutum ɗaya, wata shida, kayan aiki na kasuwa.

Kafin mu zo kan magani, sai an fahimci ciwon, domin wanda bai fahimce shi ba zai kashe kuɗinsa a inda ba nan ne matsalar take ba.

A cikin kowace waya da kwamfuta akwai wani ɗan cif da ke aikawa da karɓar saƙon Wi-Fi. Babbar manhajar na'urar, ko Windows ce, ko Android, ko iOS, ko Linux, ba ta jin yaren cif ɗin kai tsaye. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke yi musu tafinta, ita ce masu gyaran kwamfuta ke kira direba. Idan ka taɓa sake wa kwamfuta Windows ka ga alamar Wi-Fi ta ɓace har sai da mai gyara ya ce bari ya saka mata direba, to ita ce. Wannan tafinta ba a zaure yake zaune ba. A yawancin na'urori yana can cikin zuciyar babbar manhaja, inda makullan gidan duka suke. Idan aka samu kuskure a wata manhajar wasa, ɓarawo ya shiga ɗakin ɗan haya ɗaya ne. Idan aka same shi a direba, ya shiga turakar maigida.

Ga kuma inda abin yake daɗa muni. Duk na'urar da ke raba Wi-Fi tana shela kusan sau goma a kowace daƙiƙa, kamar mai talla: ga ni nan, sunana kaza, ina iya kaza da kaza. Wannan shela a buɗe take, ba a kulle ta da lambar sirri, domin dole wanda bai shiga ba tukuna ya ji ta. Jerin sunayen da kake gani idan ka buɗe Wi-Fi, daga irin wannan shela wayarka ta tattaro su. Ma'ana, direban wayarka yana sauraron kowa, yana karanta abin da kowa ya faɗa, tun kafin ka zaɓi wanda za ka hau. Kuma duk mai kwamfuta da ɗan abin Wi-Fi na sokawa a jikinta yana iya ƙirƙirar tasa shelar, ya rubuta abin da ya ga dama a ciki.

Kowane yanki na shelar yana zuwa da abu uku: irinsa, tsawonsa, sai abin da ke cikinsa. A ƙa'ida sunan Wi-Fi ba ya wuce tsawon haruffa 32, amma gurbin da ake rubuta tsawo a ciki yana iya ɗaukar lamba har 255. To ka ɗauka ma'adanar aiki ta na'ura, wadda masu gyara ke kira ram, rumfar 'yan hatsi ce. An jera kwanuka gefe da gefe, wannan na gero, wancan na dawa, can kusa kuma ga kwanon da mai rumfa ke ajiye takardar da ya rubuta wa yaronsa aikin da zai yi na gaba. Mai rubuta direba ya tanadi kwano mai cin mudu 32. Baƙo ya zo ya ce kayana mudu 200 ne. Idan yaron rumfa bai tsaya ya gwada maganar baƙon da girman kwanon ba, sai ya yi ta zubawa, hatsi ya ambaliya ya rufe kwanukan da ke kusa. Idan baƙon bai ƙware ba, rumfar ce kawai za ta hargitse: wayar ta daskare ko ta mutu ta sake kunnuwa. Idan gwani ne, zai auna zubin yadda takardarsa ce za ta faɗa a kan ta mai rumfa, yaro ya ɗauka ya karanta, ya aikata umarnin baƙo yana zaton na maigidansa ne.

Akwai wani nau'in kuma da ya fi wannan wuyar ganowa. Ɗan haya ya tashi, an ba wani ɗakin, amma ba a sanar da ɗan aike ba. Yana ci gaba da zuwa ɗakin yana karɓar saƙo daga duk wanda ya tarar a ciki. Aikin mai kutse shi ne ya san yadda zai yi ya zama sabon ɗan hayar. Waɗannan biyun, da 'yan'uwansu, su ake nufi da kurakuran tsaron ma'adana. Tushensu kuma sananne ne: kusan duk direbobi da yaren C ko C++ ake rubuta su, kuma yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, ba ya duba maka ko kwano ya cika. Ya bar wa mai rubutu wannan aikin, shi kuwa mai rubutu ɗan Adam ne, a cikin layi dubbai sai ya manta a wuri ɗaya. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kafofin tsaro da yake toshewa a kayansa kowace shekara irin waɗannan ne. Shekara guda bayan haka masu kula da manhajar Chrome suka fitar da kusan wannan adadin a kan tasu.

Kada mai Android ya ce wannan matsalar masu iPhone ce, kada mai Linux ya ce ta masu Windows ce. A watan Yulin 2017, a taron Black Hat da ake yi a Las Vegas ta Amurka, Nitay Artenstein ya bayyana kafar da ya sa wa suna Broadpwn, a cikin cif ɗin Wi-Fi na kamfanin Broadcom, wanda ke cikin iPhone da Samsung Galaxy da Nexus, aka ƙiyasta na'urorin da abin ya shafa sun kai biliyan ɗaya. Ya nuna cewa wayar da aka kama tana iya komawa mai shela ita ma, ta harbi ta kusa da ita, wannan ma ta harbi ta gaba. Ka kawo wannan a ranka a filin Idi ko a tsakiyar kasuwar Kwari, inda waya ke gogar waya. A shekarar 2017 ɗin dai Gal Beniamini na Project Zero ya nuna yadda ake tsallakawa daga cif ɗin Broadcom zuwa zuciyar babbar manhajar wayar. A watan Oktoban 2019 Nico Waisman ya gano ambaliya irin ta kwanon nan a direban Realtek na Linux, bayan ta shafe shekaru tana kwance ba wanda ya lura. A watan Oktoban 2022 Sönke Huster na jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus ya tono kafofi biyar a sashen Wi-Fi na Linux, waɗanda shela kaɗai ke tayar da su, kuma a tuna Linux ce ke ƙarƙashin Android da na'urorin raba intanet na gida da talabijin na zamani. Sai ranar 11 ga Yunin 2024 Microsoft ta fitar da facin wata kafa a direban Wi-Fi na Windows, mai lamba CVE-2024-30078, wadda aka ba maki 8.8 cikin 10 a ma'aunin haɗari, kuma ta shafi duk Windows da kamfanin yake kula da su a lokacin.

Ba na so in firgita kowa fiye da kima. Wannan kutse yana bukatar ƙwarewa, kuma yana bukatar kusanci, domin Wi-Fi ba ya tafiya nesa sai an haɗa masa eriya mai ƙarfi. Ɓarawon da ya fi kusa da talaka har yanzu shi ne wanda ke bugo waya ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da aka turo. Amma akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Ranar da kamfani ya fitar da faci, ranar ce asirin kafar ya tonu. Masu bincike suna kwatanta manhajar da aka gyara da wadda ba a gyara ba, su ga daidai inda tsagar take, su rubuta bayani dalla-dalla kowa ya karanta. Abin da jiya yake bukatar wata shida, gobe ɗalibi mai naci yana iya kwaikwayonsa. Wanda ya karɓi faci ya fita. Wanda bai karɓa ba, bangonsa na nan a tsage, kuma yanzu ƙadangaru sun san wurin. A ƙasashenmu, inda ake riƙe waya shekara biyar ko shida, inda kwamfutocin tokumbo suka cika ofisoshi da makarantu, mu ne muka fi yawa a rukuni na biyun.

Yanzu ga abin da ba ya magani, don kada a yaudare ka. Lambar sirri mai ƙarfi a Wi-Fi ɗin gidanka tana da kyau, amma yawancin irin waɗannan hare-hare suna faruwa tun kafin a zo maganar lambar sirri. Manhajar VPN tana lulluɓe abin da kake aikawa ne bayan ka hau, alhali shelar mai kutse ta riga ta isa direba a ƙasanta. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta da aka saka maka a shago ita ma baƙuwa ce a gidan, a zaure take, ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin cif. Kuskure ne a cikin rubutun manhaja, kuma wanda ya rubuta ta ne kaɗai zai iya gyara shi. Naka shi ne ka tabbata gyaran ya iso gare ka, kuma ka rage lokacin da kunnen na'urarka yake a buɗe ba gaira ba dalili.

Fara da sanin matsayinka. A wayar Android, shiga Settings, wanda wayarsa ke Faransanci zai ga Paramètres, ka gangara inda aka rubuta About phone, ka nemi Android version. A nan za ka ga layin da ke nuna kwanan watan facin tsaro na ƙarshe da wayar ta karɓa. Wannan kwanan watan shi ne gaskiyar wayarka, ba kyan fuskarta ba, ba yawan kyamarorinta ba. Duk kafar da aka gano bayan wannan rana, idan ta shafi irin cif ɗinka, a buɗe take. Idan ka ga wata biyu ko uku, lafiya lau. Idan ka ga shekara ta wuce, koma baya ka nemi System update ko Software update ka latsa da hannunka. Idan ta ce babu wani sabo, alhali kwanan watan ya tsufa, to kamfanin ya daina kula da wayar, kuma za mu dawo kan wannan.

Mutane da yawa suna ce mini ai kullum suna sabunta kayansu a Play Store. Wannan sabunta WhatsApp da Facebook ne, bai taɓa direba ba. Facin direban Wi-Fi doguwar hanya yake bi: mai ƙera cif ya gyara, ya miƙa wa mai ƙera waya, shi kuma ya haɗa shi da nasa ya turo maka a matsayin sabuntawar wayar gaba ɗaya. Ita ce wadda take sa waya ta mutu ta ɗauki mintoci tana lodi kafin ta dawo. Idan ba ka ga wayarka ta yi haka ba tun da ka saye ta, mai yiwuwa ba ta taɓa karɓar faci ba. A iPhone hanyar ita ce Settings, General, Software Update, ka kuma kunna sabuntawa ta kai tsaye.

Na san dalilan da suke sa a ƙi. Data tana da tsada, wuta ba ta zama, ma'adanar waya ta cika da bidiyon biki da na wa'azi, kuma akwai tsoron da ya bazu cewa sabuntawa tana sa waya nauyi. Kowannensu yana da mafita. Facin tsaro na wata-wata yawanci ƙarami ne, ya bambanta da tashi daga Android guda zuwa mai bi mata, wanda shi ne yake da nauyi kuma shi ne mutane ke kuka da shi. Ka sayi datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da araha. Idan wayar ta dage sai da Wi-Fi za ta sauke, ka hau na wayar ɗan'uwanka ko na gida, wanda ka san mai shi. Ka tabbata caji ya haura rabi ko tana jone da wuta, domin mutuwar batir a tsakiyar aikin ita ce take lalata waya, ba facin ba. Ka kwashe bidiyoyi ka ba ta wuri. Sannan idan ta gama saukewa ta ce a kashe ta a kunna, ka yi a lokacin. Facin da aka sauke ba a sake kunna na'ura ba, kamar maganin da aka sayo ne aka ajiye a aljihu.

A Windows, Microsoft tana fitar da faci ranar Talata ta biyu a kowane wata. Shiga Settings, Windows Update, ka duba ko wani ya dakatar da shi, domin masu saka Windows a shaguna sukan kashe shi gaba ɗaya don kada ya cinye data, ko don kada ya tona cewa manhajar ba ta asali ba ce. Ka lura kuma, idan an gaya wa kwamfutar cewa datar a ƙididdige take, tana jinkirta wasu sabuntawar, sai ka latsa da kanka. Mai Linux irin Ubuntu ko Linux Mint ya bar manhajar sabuntawa ta yi aikinta, kuma duk lokacin da aka sauya zuciyar manhajar ya sake kunna kwamfutar.

Abu na biyu shi ne kashe Wi-Fi idan ba ka amfani da shi, amma kashewa ta gaske. Yawancinmu da datar layi muke hawa intanet, Wi-Fi sai lokacin tura fim ta Xender ko a wurin aiki. To mene ne amfanin barinsa a kunne yini guda yana sauraron shelar kowa? Sai dai a nan akwai tarko. Tun daga iOS 11, idan ka ja fuskar iPhone ka latsa alamar Wi-Fi, ba ka kashe shi ba, ka cire wayar ne kawai daga wanda take kai na ɗan lokaci, cif ɗin yana nan yana aiki saboda AirDrop da makamantansa. Sai ka shiga Settings ka kashe daga can. A Android kuma akwai wani saiti a ƙarƙashin Location mai suna Wi-Fi scanning, wanda ke ba wayar damar ci gaba da leƙen shela ko da ka kashe Wi-Fi, don ta gane inda kake. Kashe shi, tare da saitin da ke kunna Wi-Fi da kansa idan ka iso gida. Haka za ka yi wa Bluetooth, domin shi ma direba gare shi kuma shi ma an sha kama shi da irin wannan ciwo. AirDrop da takwaransa na Android, Quick Share, a bar su a rufe sai lokacin bukata. Kwamfutar ofis da ke zaune wuri ɗaya, idan da hali a ja mata waya daga na'urar intanet a kashe Wi-Fi ɗinta.

Ɗan jarida, lauya, alƙali, ɗan siyasa, babban ɗan kasuwa, duk wanda ya san akwai mai son sanin abin da ke cikin wayarsa har ya kashe kuɗi a kai, wannan sakin layin na sama wajibi ne a kansa, musamman a filin jirgi, da otal, da zauren taro. Mai iPhone a cikinsu ya duba Lockdown Mode da Apple ta kawo a iOS 16, wanda ke rufe ƙofofi da yawa lokaci guda. Mai sana'ar POS ma ya sani cewa da yawa daga cikin na'urorin nan Android ce a cikinsu: idan da layi take aiki, ba ta da bukatar Wi-Fi a kunne.

Mu dawo kan wayar da aka daina kula da ita, domin a nan ne shawarar take da ɗaci. Ba ta da gyara. Babu mai gyara a kasuwar Farm Centre ko a wata kasuwa da zai iya rubuta mata facin da kamfaninta bai fitar ba. Idan ba ka da halin sauya ta yanzu, ka riƙe Wi-Fi da Bluetooth ɗinta a kashe, ka yi amfani da datar layi, kuma idan akwai wata sabuwa a gidan a mayar da manhajar banki can. Lokacin da ka tashi saye kuwa, ka ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ka saba yi na batir da kyamara: har yaushe kamfanin zai ci gaba da turo mata faci? Google ta yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8, Samsung ta yi irinsa ga Galaxy S24. Wayoyi masu araha wa'adinsu bai kai haka ba, kuma daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake fara ƙirgawa, ba daga ranar da ka saya ba. Saboda haka tsohuwar babbar waya ta hannu, duk da ƙyallinta, tana iya zama ta fi sabuwar matsakaiciya haɗari. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, iPhone 7 a iOS 15, iPhone 8 da X a iOS 16, kuma abin da suke samu bayan haka ɗan faci ne jefi-jefi. Kafin ka biya kuɗi, karɓi wayar ka duba kwanan watan nan a gaban mai sayarwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a ce ya sani ɗin tun kafin ya biya. Wayar jabu kuwa, wadda aka kwaikwayi sunan babban kamfani, ba ta da mai turo mata komai tun ranar farko.

Haka abin yake a kwamfuta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, don haka ba ta cikin waɗanda aka yi wa facin Yunin 2024, amma har yanzu tana nan a shagunan buga takardu da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya yi rajistar ƙarin shekara guda. Yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A ganina mafita mafi tsabta ga irinsu ita ce a saka musu Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, kuma fitowar Ubuntu mai dogon wa'adi tana samun faci shekara biyar. Ga mai buga takardu da shiga intanet, ta wadatar.

Kada kuma a manta da 'yar akwatin intanet da ke kan tebur, da MiFi na aljihu. Su ma kwamfutoci ne masu cif da direba, kuma su aka fi mantawa da su. A bayansu akwai takarda da aka rubuta adireshin shiga, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Shiga ka nemi wurin sabuntawa, ka kuma sauya lambar sirrin shiga da suka zo da ita daga kamfani.

Ina da magana ta musamman ga 'yan'uwana masu gyara, domin amanar mutane tana hannunku. Idan kun yi wa waya fulashin, sau da yawa tsohuwar manhajar da kuke da ita a kwamfuta kuke ɗora mata, wadda ta girmi wadda ta zo da ita. Wayar ta tashi, mai ita ya yi murna, amma duk kafofin da aka toshe a tsakani sun sake buɗewa. Ku ƙarasa aikin: ku haɗa ta da intanet ta karɓi facinta kafin ku miƙa ta, ko aƙalla ku gaya wa mai ita ya yi. Wajen direbobin kwamfuta kuma, ku bar tarin direbobin nan da ke yawo a filashi shekara da shekaru, da shafukan da ba a san masu su ba. Ku ɗauko daga Windows Update, ko daga shafin HP, Dell, Lenovo ko Intel, gwargwadon na'urar. Direba da iko irin na maigida yake shiga, wanda aka ɗauko a bakin titi yana iya zuwa da nasa ɓarawon a goye.

Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja, wannan fage ne da ke neman ku. Darasin a yaren C gajere ne: kada ka yarda da tsawon da saƙo ya faɗa da bakinsa, ka gwada shi da wurin da ka tanada da kuma abin da ya iso hannunka a zahiri, kafin ka kwafa. Ku koyi dabarar da Huster ya yi amfani da ita, ta antaya wa manhaja gurɓatattun saƙonni ba adadi har sai ta faɗi, sannan a bi sawun abin da ya kayar da ita. Ku kuma koyi yaren Rust, wanda ke kama yawancin irin waɗannan kurakurai tun kafin manhaja ta fara aiki. Linux ta buɗe masa ƙofa a fitowarta ta 6.1 a watan Disambar 2022, kuma Google ta bayyana cewa bayan ta koma rubuta sababbin sassan Android da yaruka irinsa, kason kurakuran ma'adana a cikin kafofin Android ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024. Amma direbobin Wi-Fi da ke cikin na'urorin da muke riƙe da su yau, da C aka rubuta su, kuma za su daɗe tare da mu.

Mai karatu, kafin ka kwanta yau ka buɗe wayarka ka karanta kwanan watan facinta. Idan ka gama, ka karɓi ta mahaifiyarka da ta maiɗakinka ka duba musu, domin su ba lallai su san inda layin yake ba.